Ɗan da Ya Girmi Mahaifiyarsa

Masu kallo, assalamu alaikum. Wani matashi daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ya aiko mana da saƙon murya cikin fushi, bayan ya kalli sabon kashi na wani shirin talabijin mai dogon zango, irin na ƙagaggun labaran kimiyya. A cikin kashin, wata matuƙiyar kumbo mai shekara 30 ta bar ɗanta yana da shekara 8, ta yi tafiyar da a lissafinta shekara 5 ce, ta dawo ta tarar da shi dattijo ɗan shekara 58, furfura ta cika masa gemu, yana riƙe da hannun jikarsa. Matashin ya ce nan take ya kife wayarsa, domin an raina wa mutane hankali: ta yaya ɗa zai girmi uwar da ta haife shi?

Ɗan'uwa, a wannan gaɓa marubutan sun fi ka gaskiya. Tun a 1905 Albert Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya tafiya bai ɗaya ga kowa, kuma gwargwadon yadda gudun abu ya kusanci gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, gwargwadon yadda lokacinsa ke yin nawa idan aka gwada da na wanda aka bari a gida. Idan kumbon ya kai kashi 99.5 cikin ɗari na gudun haske, kowace shekara ɗaya a cikinsa daidai take da shekara 10 a duniya. Ka ga 5 ta zama 50, ta dawo tana da 35, ɗanta yana da 58.

An gwada wannan a zahiri. A 1971 masana biyu, Hafele da Keating, sun zagaya duniya a jiragen fasinja ɗauke da agoguna na musamman, suka dawo suka tarar sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa. Shaida mafi kusa kuwa tana cikin wayar da ka kife. Agogunan taurarin GPS, wato taurarin ɗan'adam da ke taimaka wa waya gano inda take a taswira, suna riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, domin gudunsu yana rage 7, raunin jan da duniya ke yi musu a can sama kuma yana ƙara 45. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren taswira ya kai kusan kilomita 10 a kwana ɗaya, mutum yana tsaye a ƙofar Fadar Sarkin Musulmi wayarsa tana cewa yana bayan gari.

Inda ya kamata fushinka ya sauka shi ne wurin da aka nuna matar tana kallon agogon hannunta yana jan ƙafa. Wannan kuskure ne, domin ita ba za ta ga wani canji ba; bugun zuciyarta, yunwarta da barcinta duk za su zo yadda ta saba. Sai kuma batun kumbon kansa. Parker, kumbon hukumar NASA ta Amurka wanda ya fi kowane ƙirar ɗan'adam gudu, ya kai kimanin kilomita 690,000 a awa ɗaya a Disambar 2024, kuma ko kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske bai kai ba.