Abin ci da abin sha ga mai shan maganin ciwon damuwa

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Likita, barka da zuwa. Duk wanda ya karɓo maganin ciwon damuwa daga asibitin Dawanau ko na Kazaure, yana isa gida tambayar farko ita ce: me zai daina ci?

Likita: Barka kadai, Malam. Kafin a je ga kwanon abinci, a fara duba sunan da ke jikin kwalin, don magungunan nan ba iri ɗaya ba ne. Wanda ba shi da karatun boko ya kai wa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya karanta masa. Waɗanda aka fi bayarwa a wajenmu su ne Amitriptyline da Fluoxetine da Sertraline, kuma duk ukun ba su hana tuwo ba, ba su hana fura da nono ba. Fluoxetine da Sertraline ma gara a sha su bayan an sa wani abu a ciki, ko da koko da ƙosai ne, saboda sukan kawo tashin zuciya a mako ɗaya ko biyu na farko, daga nan ya lafa.

Mai gabatarwa: To ai mun ji ana cewa a guji daddawa.

Likita: Maganar tana da tushe, amma ga wani rukuni na daban da ake kira MAOI, irin su Phenelzine da Tranylcypromine, waɗanda ba kasafai ake rubuta su ba yanzu. Abincin da aka bari ya ruɓa ko ya daɗe a ajiye yana tara wani sinadari mai suna tayiramin. A ka'ida hanji da hanta ne ke narkar da shi, to wannan rukuni yana tsayar da aikin, sai sinadarin ya shiga jini ya harba hawan jini sama nan take. Mutum zai ji ciwon kai mai tsanani ta ƙeya, zuciya na dukan uku-uku, gumi na karyo masa. Wannan na asibiti ne a gaggauce. Mai shan irin wannan magani ya kauce wa daddawa, da bandar kifi ko kilishin da ya kwana biyu a ajiye, kuma ya ci gaba da kaucewa har mako 2 bayan ya daina shan maganin. Mai shan Amitriptyline kuwa, uwargida ta daka daddawarta ta zuba a miya, babu komai.

Abin da ya fi damuna goro ne da shayi. Mutum zai rantse ba ya shan komai, alhali goro ba ya rabuwa da aljihunsa, ga Nescafé a teburin mai shayi safe da yamma. Dukkansu suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma sai an yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki. Fluoxetine da Sertraline a farkon shansu sukan jawo karkarwar hannu da faɗuwar gaba da rashin barci, goro ya zo ya ƙara wa wutar itace, sai mara lafiya ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya jefar. A rage a hankali, don yankewa rana ɗaya tana kawo ciwon kai na kwanaki. Daga azahar a rufe bakin goro da shayi mai kauri. In sunan maganin Fluvoxamine ne, kafeyin na iya wuce kwana guda a jiki, gara a bar shi gaba ɗaya.

Mai gabatarwa: Matasanmu masu aikin ƙarfi a gona fa, Likita?

Likita: Nan ne babban haɗarin, kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. Tiramadol da ake haɗiya don a jure noma ko ɗaukar buhu, in ya haɗu da waɗannan magunguna, yana sa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna serotonin ya yi yawa a jiki. Alamunsa zazzaɓi, gumi, gudawa, tsokar jiki na fizga, mutum ya rikice, wani har ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Giya ko burukutu kuma, in suka haɗu da Amitriptyline, barci ne mai nauyi da jiri, ga shi suna mayar da damuwar sabuwa. Wanda ke taɓa ɗaya daga cikinsu ya faɗa wa likitansa a sirrance, ba don a kunyata shi ake tambaya ba. Haka jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka ranar kasuwa, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Magungunan ciwon jiki irin Diclofenac da Ibuprofen, haɗa su da Fluoxetine ko Sertraline yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, har a ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Farasitamol ya fi aminci.

Mai gabatarwa: Wasu na kukan bushewar baki da taurin bayan gida.

Likita: Halin Amitriptyline ke nan. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, kada a koma tsotsar alewa ko zoɓo mai sukari, don maganin yana buɗe ciki, ƙiba ta biyo baya, busasshen baki kuma haƙori ya fi saurin lalacewa. Kwaɗon zogale da rama da wake da gwanda suna sassauta ciki. Maganin yana kuma rage gumi, saboda haka a zafin bazara a guji aikin tsakar rana. Dattawa in za su tashi da asuba su fara zama a bakin gado minti ɗaya, don jiri na iya kayar da su.

Mai gabatarwa: Da azumi fa?

Likita: Galibinsu sau ɗaya ake sha a yini, don haka sai a shirya da likita tun a Sha'aban. Amitriptyline bayan isha'i, Fluoxetine da sahur saboda yana hana barci. In an manta na jiya, kada a haɗa biyu yau. Kada kuma a ajiye maganin don wata ya kama, tsayar da shi farat ɗaya yana kawo jiri da ƙunci da munanan mafarkai.