Nosferatu: fim ɗin da kotu ta ce a lalata

Jama'a, ku dubi inuwar nan da ke hawa matattakala. Ƙusumbi, kai ƙwal ba gashi, yatsu zaƙo-zaƙo suna miƙewa wajen ƙofa. Ba jini, ba ihu, ko magana babu, domin a 1922 fim bai fara magana ba. Amma ku kalle ta da dare ku kaɗai, ku ji yadda tsigar jiki ke tashi.

Wannan shi ne Nosferatu, wanda F. W. Murnau ya ba da umarninsa a Jamus. Max Schreck ne ya fito a matsayin Orlok, mataccen da ke tashi daga akwatin gawa da dare yana shan jinin mutane. Labarin kuwa daga littafin Dracula na Bram Stoker aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1897, kuma ba a nemi izini ba. An canja sunaye, an mayar da labarin Jamus, amma Florence, matar marigayi marubucin, ta ce ba ta yarda ba. Ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kwafin fim ɗin. Allah Ya sa wasu sun riga sun fita ƙasashen waje, da yau sai dai mu ji labari.

Abin da ke burge ni da mutanen nan shi ne yadda suka yi aiki da ɗan abin da ke hannunsu. Kyamarar lokacin ba ta iya ɗaukar duhu sosai, sai su ɗauki fitowar dare da rana tsaka, daga baya su rina fim ɗin da shuɗi. A wani fim ɗin Jamus, The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 ma, fenti aka sa aka zana inuwa a bango da ƙasa, aka karkace gidaje da tituna, har mai kallo ya ji kamar duniyar ce ta haukace. Sun gane cewa abin da ido bai gama gani ba, zuciya ce ke ƙarasa shi, kuma ta fi kowace kwalliya iya tsorata mai ita.

Wannan salon ya tsallaka teku. Karl Freund, mai ɗaukar hoto da ya ƙware a Jamus, ya koma Amurka, shi ya riƙe kyamara a Dracula na 1931 wanda Bela Lugosi ya fito, a 1932 kuma ya ba da umarnin The Mummy.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A littafin Stoker, Dracula na yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. A Nosferatu ne fitowar rana ta hallaka mai shan jini, kuma daga nan fina-finai suka riƙe ta kamar doka. Werner Herzog ya sake yin fim ɗin a 1979, Robert Eggers ma ya sake a 2024, kuma dukansu biyu da wayewar gari suka ga bayan mai shan jinin.