Ƙarar da a-kori-kura ke yi in an taka totur

Hauwa: Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Malam Sani, mutum ya sayi a-kori-kura ta hannu, da ya taka totur sai ƙara ta tashi. Ina zai fara?

Sani: Kar ya yarda a kwance inji tukuna, Hajiya. Ya sa giya a firi, ya ja burkin hannu, ya ba ta wuta zuwa juyi 2,500 a minti a agogon inji. In ƙarar ta fito motar na tsaye, inji ne ko salansa. In sai tana tafiya, a duba farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, da aksul na baya.

Bala: Sannan ya saurari irin ƙarar. Akwai wadda ke yin kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa da kaya a babbar giya. A injin fetur wannan mai ne ke kamawa ba a kan ƙa'ida ba. Ko man ba shi da kyau, ko tayimin ya yi gaba, ko dauɗa ta taru a kan fistin, ko injin na zafi.

Hauwa: To wadda ke yin cas-cas da safe fa, Malam Bala?

Bala: In ta ragu da inji ya ɗumama, galibi gasket ɗin manifol, inda salansa ke haɗuwa da inji, shi ke yoyo. Za ki ga baƙin hayaƙi ya manne a wurin.

Sani: Wadda ke tayar min da hankali ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, tana ƙara sauri da totur. Mital ne ya cinye, wato beyarin da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf. A cire wayar fulogi ko soket ɗin koyil ɗaya bayan ɗaya; silindar da ƙarar ta lafa a kanta, nan matsalar take. A juye baƙin mai a faranti, a duba a rana. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, magana ta ƙare.

Hauwa: A lallaɓa da ita zuwa gareji?

Sani: A'a, a ja ta. Tafiyar kilomita kaɗan na iya cinye karanshaf, ko ma sandar fistin ta fasa bulok.

Bala: A injin dizal kuma a fara gwada nozul mai fesa mai, don shi ma yana ƙwanƙwasa kamar mital.