Yadda Haske Ke Tona Asirin Sinadaran Taurari

Ku ɗebi gishirin miya kaɗan ku barbaɗa a kan harshen wutar gas. Nan take shuɗiyar wutar za ta rikiɗe ta koma ruwan ɗorawa, kuma sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ne ya jawo hakan. A kan wannan ɗan abu aka gina ilimin da ya bayyana mana abin da ke cikin taurari, alhali babu wanda ya taɓa zuwa can ya ɗebo samfuri.

A shekarar 1835, masanin falsafa ɗan Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran taurari ba, bai kuwa san mabuɗin ya riga ya shigo hannu ba. Tun a 1814 Joseph Fraunhofer, gwanin sarrafa gilashi a Jamus, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje kamar bakan gizo, sai ya hangi baƙaƙen layuka sirara fiye da 500 sun tsattsaga launukan. Ya auna gurbinsu, ya laƙaba wa manyansu haruffa, amma har ya rasu a 1826 bai san musabbabinsu ba.

Masana kimiyya Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen ne suka warware matsalar a birnin Heidelberg na Jamus daga 1859. Sun gano cewa kowane sinadari, idan ya yi zafi, yana fitar da haske a wasu gurabe nasa shi kaɗai, tamkar zanen yatsa. Idan kuma hasken da ya fito daga wuri mafi zafi ya ratsa tururin sinadarin, sai tururin ya haɗiye waɗannan launuka daidai, ya bar giɓi a gurbinsu. Ashe baƙaƙen layukan nan giɓi ne da iskar saman rana ta bari, kuma wanda Fraunhofer ya kira D na sodiyam ne, wato ɗan'uwan rawayar da kuka gani a murhu.

Lokacin husufin rana na 18 ga Agusta, 1868, masu nazari a Indiya sun ga wani layi rawaya mai haske kusa da na sodiyam. Norman Lockyer na Ingila ya tsaya kan cewa sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna hiliyam daga sunan rana a harshen Girka. Sai bayan shekara 27 William Ramsay ya same shi a doron ƙasa.

Sanin sinadarin da ke cikin tauraro daban, sanin yawansa daban, kuma a ganina nan ne aikin ya fi wuya, domin kaurin layi ya danganta da zafin tauraro kamar yadda ya danganta da yawan sinadarin. Masaniyar taurari Cecilia Payne ce ta raba waɗannan biyun a kundin digirinta na uku a 1925, inda lissafinta ya nuna haidurojin ya rinjayi komai a cikin taurari nesa ba kusa ba. Babban masani Henry Norris Russell ya ce hakan ba zai yiwu ba, ita kuma ta sassauta maganarta, sai ga shi a 1929 nasa binciken ya tabbatar da abin da ta gano.

A yau an san kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidurojin ne, kusan ɗaya cikin huɗu hiliyam, ƙarfe kuwa da iskar oksijin da sodiyam ɗin gishirinku, tare da duk sauran sinadarai, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.