Kafin a Ɗaura wa Haƙori Waya, Me Likita Yake Dubawa?

A ce ga yara biyu. Kowannensu haƙoransa na sama sun turo gaba, har leɓe ba ya rufuwa sai an matsa. Da ido za ku ce lalurarsu ɗaya ce. Amma na farkon haƙoran ne kawai suka karkata, saboda ya daɗe yana tsotson babban yatsa. Na biyun kuwa haƙoransa suna zaune daram, muƙamuƙinsa na ƙasa ne bai girma yadda ya kamata ba, ya tsaya a baya. In aka yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya zai dace, ɗayan kuma a ɓata masa shekara biyu a banza.

Shi ya sa ranar farko da aka je wurin likitan daidaita haƙora ba a ko taɓa waya. Tambaya ake fara yi: me ya fi damun ka a bakin nan? Wani tauna ce take ba shi wahala, wani kunyar dariya yake ji a cikin mutane, wata kuma za ta ce a gyara komai amma kada a kuskura a taɓa mata wushirya. Sannan likita ya ja baya ya kalli fuskar gaba ɗaya, ta gaba da ta gefe: inda haɓa ta tsaya, yadda leɓɓa suke haɗuwa, ko da baki ake numfashi. Sai bayan nan zai ce a buɗe baki.

A cikin bakin ma, idonsa ba kan haƙoran gaba yake fara sauka ba, can ciki yake leƙawa, wurin turmin farko da ke fitowa yaro yana da kamar shekara 6. A 1899 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya kasa matsalar cizo gida uku bisa zaman wannan turmi. Idan tsinin na sama ya faɗa daidai cikin kwarmin na ƙasa, aji na ɗaya ke nan, ko da haƙoran gaba sun hau juna. Idan na ƙasa ya ja baya, aji na biyu. Idan ya wuce gaba, kamar masu haɓa a ture, aji na uku. Har gobe da wannan rabon likitoci suke magana, duk da cewa yana da gurguwar ƙafa: yana faɗin inda haƙori ya zauna, ba ya faɗin abin da ya zaunar da shi a wurin.

Wannan amsar hoton ƙashi ne yake ba da ita. Ɗaya daga cikin irinsa hoton kai ne daga gefe, dabarar da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka fito da ita a 1931, kowa a nasa ɓangaren. Ana sa ɗigo a wasu wurare sanannu na ƙashi, a ja layi, a auna kusurwa. Daga nan ake gane ko laifin haƙori ne ko na muƙamuƙi. Akwai kuma hoton da yake shimfiɗa bakin duka daga kunne zuwa kunne. Shi ne yake tona abin da yake ɓoye: haƙorin da bai taɓa tsirowa ba, wanda ya yi yawa, ko fiƙar sama da ta maƙale a cikin ƙashi tana cin saiwar maƙwabcinta ba tare da ciwo ba.

Yanzu mu zo kan lissafi, don shirin aikin nan rabinsa lissafin wuri ne. Ana ɗaukar siffar haƙora, ko da wani ƙulli mai taushi da ake cizawa, ko da ƙaramar na'ura mai zuba hoton a kwamfuta. A auna faɗin kowane haƙori, a tara, a gwada da tsawon ƙashin da zai ɗauke su. Kamar mutum shida ne a bencin mutum biyar: ko a ƙara tsawon benci, ko kowa ya matse, ko ɗaya ya tashi. In abin da ya gaza bai kai milimita 4 ba, da wuya a cire haƙori; a kan ɗan faɗaɗa layin, ko a goge gefen haƙoran kaɗan-kaɗan. In ya kai milimita 10, kusan ba makawa sai an cire, galibi ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, kowanne kamar milimita 7. Tsakanin nan ne ake jayayya. Shi Angle ko kusa bai yarda a cire lafiyayyen haƙori ba. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi koyarwar, ya ga haƙoran mutane suna turo leɓe gaba suna kuma komawa gidan jiya, sai ya sake yi musu aiki da cirewa. Saboda haka in likitoci biyu suka ba ku shawara daban a kan wannan, ba lallai ɗaya ya yi kuskure ba, amma kowanne ya nuna muku awonsa.

Lokaci ma yana cikin shiri. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a kai yaro dubawa yana da shekara 7, lokacin famfara. Yawanci ba a fara komai, sa ido kawai ake yi. Amma muƙamuƙin da ke kan girma ana iya jan ragamarsa, wanda ya gama girma kuwa, in tazarar ta yi yawa, sai tiyata.

Ga abin da masu gaggawa ba sa son ji. Haƙori yana tafiya ne saboda ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana ginuwa a bayansa, kamar milimita ɗaya a wata. Dasashin da yake zubar da jini ba zai jure wannan ba, sai ƙashin ya tafi bai dawo ba. Dole a fara magance shi, a cike kogon haƙori, a ga mutum ya iya wanke baki sosai. Wanda ya sayi robar daidaita haƙora ta intanet ba tare da hoton ƙashi ba, duk wannan ya tsallake.

Zaɓin kayan aiki, waya ko roba mai haske irin Invisalign da ake sawa awa 20 zuwa 22 a rana, shi yake zuwa ƙarshe. Aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuma tun kafin a fara, ku tambaya da me za a riƙe haƙoran bayan an cire waya, siririyar waya ce da ake mannawa ta ciki ko roba ce ta dare, domin haƙori yana ci gaba da motsi muddin mutum yana raye, kuma likitoci da yawa yanzu ba sa sa ranar daina amfani da ita.