Salula ta ɓata, lambar shiga ba ta zuwa

Ka sa kalmar sirrinka daidai, Gmail ko Facebook ya ce sai ka kawo lamba mai alƙaluma 6, ga shi salular da lambar ke zuwa ta ɓata. To, kada ka yi ta gwada lambobi da ka, don gwajin banza na sa a rufe ka na ɗan lokaci.

Fara da layin. In ta saƙon tes ake aiko maka lambar, je ofishin kamfanin layinka, Airtel ne, Moov ko Zamani, da katin shaidarka, a yi maka sabon sim da tsohuwar lambarka. Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa: sim ɗin da sunan wani aka yi rajistarsa, yaya ko mai shago. Sai an zo da shi da katinsa. 'Yan kasuwa masu zirga-zirga ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ku duba da kyau. In da layin Najeriya aka buɗe asusun, saƙon ba zai iso Maraɗi ba sai layin na kama sabis a nan.

In kuwa daga Google Authenticator, manhajar da ke samar da lambobin shiga a cikin salula, kake samun lambar, sabon sim ba ya dawo da komai, lambobin cikin manhajar suke, suna canzawa duk daƙiƙa 30. Salula na hannunka amma ana ƙin lambar? Agogon salular ne ya kauce, ka saita shi ya riƙa daidaita kansa.

Sai lambobin ajiya, waɗanda ake ba ka tun farko don ranar da lambar shiga ba ta zo ba. Google na ba da guda 10, kowace alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da ita. In ka taɓa rubuta su, danna wurin gwada wata hanya ka sa ɗaya. Duba kuma tsohuwar kwamfuta ko salular da asusun ke buɗe a kai. Daga can ka sauya lambar layi nan take.

Duk babu? Shiga g.co/recover, shafin Google na dawo da asusu, daga na'ura da wurin da ka saba, jira kan kai kwana 3 zuwa 5 na aiki. Facebook kan nemi hoton katin shaida mai haske, suna ya dace da na asusun. WhatsApp kuwa, wanda ya manta lambar sirrinsa bai sa imel ba, sai ya jira kwana 7, kuma babu mai gyaran salula da zai gajarta maka su, ko jikka nawa ya karɓa.