Kuɗin ido a Babila: lacca kan darajar mutane a zamanin Hammurabi

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai kujeru a gaba.

Ƙasar da za mu leƙa yau ita ce wadda ke tsakanin kogin Dijla da Furat, Iraƙi ke nan ta yanzu. Sarki Hammurabi ya mulki Babila daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma sa aka sassaƙa dokoki kusan 282 a jikin wani baƙin dutse. An tono dutsen a Susa, cikin Iran, a 1901, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Paris.

Dutsen ya kasa mutane uku: awilum, wato cikakken ɗa mai gata, sai mushkenum, talakan da ke ƙasa da shi, sannan wardum, bawa. Ku sake furta ta tsakiyar. Mushkenum. Kun ji miskini a ciki? Tushensu ɗaya, mu ta Larabci ta iso mana.

Kowa ya san "ido da ido", amma ba kowane ido ba. In ɗa ya tsole idon ɗa ɗan'uwansa, a tsole nasa. In na miskini ne, ya biya mina ɗaya ta azurfa, kusan rabin kilo, ya kama gabansa. In na bawa ne, rabin kuɗin bawan zai biya.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne sana'o'i. Likita ya yi wa ɗa fiɗa ya warke, ladansa shekel 10, shekel wani ƙaramin ma'aunin azurfa ne. Aiki iri ɗaya a jikin miskini, shekel 5. Bawa kuwa 2, ubangijinsa ne zai biya. Wuƙa ɗaya, hannu ɗaya, amma matsayin majinyaci ke yanke farashi. Kada ku yi saurin sha'awar shekel goman nan: ɗan ya mutu a hannunsa, hannun za a sare. Magini ma haka, gini ya rufta ya kashe maigida, kashe shi za a yi.

Har wanzami bai tsira ba. Bayi suna da wani irin tukku da ake gane su da shi. Wanzamin da ya aske shi ba da sanin ubangijin bawan ba, ya yi asarar hannunsa.

Wata 'yar'uwa ta aiko da takarda tana tambaya ko mutum na iya sauya matsayi. Yana iya, sama ko ƙasa. Bawa ya auri 'ya mai 'yanci, 'ya'yansu 'yantattu ne. Wanda bashi ya ci kuma yakan miƙa matarsa ko ɗansa su yi bauta a gidan mai bin bashin. Doka ta 117 ta ƙayyade shekara uku, a ta huɗu a sake su.

Mu tsaya mu yi La'asar, in mun dawo sai mu shiga batun marubuta da makarantarsu ta allon yumɓu.